Gargaɗi ga Ma'aikata: Kada a Jira Mama Ya Fashe Kafin a Haɗa Kuɗi

Wannan kira ne ga duk wanda yake aiki wuri ɗaya da mata, ko a makaranta, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a banki, ko a shagon ɗinki. Takardar gudummawar da muke zagayawa da ita idan sankarar mama ta kama abokiyar aikinmu tana fitowa a makare, sannan tana tsayawa tun magani bai kai rabi ba. Waɗannan abubuwa biyu suna cin rayukan mata, kuma gyaransu yana hannunmu tun daga albashin ƙarshen watan nan.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Mace za ta fara fashin aiki, yau ta zo, gobe babu ita. Ta rame, ta koma zumbula ƙaton hijabi ko da ana tsakiyar zafin bazara, ta daina zama kusa da mutane. Idan aka tambaye ta sai ta ce ɗan zazzaɓi ne. Sai ranar da ta kasa tashi labari zai fito: mama ya fashe, yana ruwa, yana wari, likitoci sun ce abin ya kai huhu ko ƙashin baya. Ranar ce hankalin kowa zai tashi. A buɗe zaure a WhatsApp, a liƙa lambar asusu, mai kaɗan ya bayar, mai yawa ya bayar, wani ma ya yi alkawarin rabin albashinsa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ban raina ko kwabo ba. Amma kuɗin da aka tara a wannan gaɓa, yawancinsa a maganin rage raɗaɗi da auduga da bandeji yake ƙarewa. Ba a daɗe ba sai a sake zagayawa da wata takardar, ta ta'aziyya. Ihu bayan hari ke nan.

Ƙiyasin hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne sankarar mama ta kama a Najeriya, ta kuma kashe sama da 16,000 a shekarar. Babu sankarar da ta kai ta yawa a ƙasar. A ƙasashe masu arziki kuwa, cikin mata 10 da aka gano tana jikinsu, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da mace take isa gaban likita, da kuma ko ta samu ikon kammala magani. Matanmu mafi yawa sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti. Kuma ba tsofaffi ba ne kawai. Ku leƙa layin masu jiran likitan tiyata, za ku ga 'yan shekara 40 da 'yan kai, wasu ma ba su kai ba, wasu da goyo a baya.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne, a farkonta sankarar mama yawanci ba ta ciwo. Ƙullutu ne mai tauri, yana zaune shiru a cikin mama ko a hammata, bai hana ki barci ba, bai hana ki girki ba. Wannan shirun nasa shi ne haɗarin. Wata kuma ba ƙullutu za ta fara gani ba: fatar maman ce za ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nonon da yake a tsaye ya shige ciki, ko ya riƙa fitar da jini ko ruwa alhali ba ta shayarwa, ko mama ɗaya ya canza girma, ko wani ɗan gyambo ya ƙi warkewa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kai mace asibiti a makon da ta gan shi. Mai ciki da mai shayarwa su ƙara buɗe ido, domin su ne aka fi ce wa "ai nono ne ya daskare, ki gasa da ruwan zafi." Idan an gasa, an sha maganin da likita ya rubuta, mako ɗaya zuwa biyu ƙullutu yana nan, to a koma a ce a yi hoto.

Kada kuma tsoro ya hana kowa zuwa. Mafi yawan ƙullutun mama, kusan 9 cikin 10, ba sankara ba ne. Sai dai babu yatsan da zai iya rarrabewa, ko na ungozoma ne, ko na mai kemis, ko na likitan kansa. Hoto da gwajin tsoka ne suke rarrabewa.

Ba daga littafi nake wannan magana ba. Ni malamar makarantar sakandare ce, kuma an cire mini maman hagu.

A wanka na ji shi, can gefe wajen hammata, mai tauri, ba ya gocewa idan na danna. Washegari a ɗakin malamai na ja wata babbar malama gefe, wadda duk muke kira Yaya, na faɗa mata. Ba ta ce mini mu jira mu gani ba. Cewa ta yi, "Gobe ba ki da aji na farko. Ki shirya da sassafe, ni zan zo in ɗauke ki." Likita ya duba, ya rubuta hoto, bayan hoto ya rubuta gwajin tsoka. A nan ne na ga ramin da mata da yawa suke faɗawa. Tsakiyar wata ne, albashi ya daɗe da ƙarewa, maigida ya gama biyan kuɗin makarantar yara ke nan. Kuɗin gwajin ba wata dukiya ba ce idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya, amma a ranar ba ni da shi. Yaya ta je wurin ma'ajin ƙungiyar malamai ta ce masa, "Malam, akwai 'yar'uwa da za ta yi gwaji, a cire daga asusun walwala." Bai tambayi ko wace ce ba, bai tambayi gwajin mene ne ba. Ya ƙirga ya ba ta, ya rubuta a littafi.

Cikin duk kuɗin da aka tara mini daga baya, kuma an tara mai yawa, babu wanda ya kai wannan ɗan kaɗan ɗin amfani. Shi ya hana a ce "bari a yi albashi," sannan albashi ya zo da nasa buƙatun a ce "bari wani watan." Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin yaƙi da sankarar mama da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'auni cewa daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta kada ya wuce kwana 60. A wurinmu, rashin kuɗin gwaji kaɗai yana iya cinye kwanakin nan har ya ɗora.

Gwajin tsoka ba abin firgita ba ne. An yi mini allurar kashe zafi a wurin, aka sa wata allura mai ɗan kauri aka tsinko 'yar tsoka, na koma gida da ƙafata. Jiran sakamakon ne yake da wuya. Ranar da ya fito, ni da maigida muka shiga. Likita ya juya takardar ya ce, "Hajiya, sankara ce. Amma kin zo a lokacin da za mu iya yin wani abu." Mataki na 2 ne. Na ji kalmar farko, sauran sai daga baya maigida ya maimaita mini a mota. Shi ya sa nake cewa kada mace ta je karɓar sakamako ita kaɗai. Da likita ya yi bayanin cewa irin girman ƙullutun da inda yake sun sa cire maman gaba ɗaya ya fi, na kasa ɗaga kai. Maigida ne ya yi magana, ya ce, "Likita, wace rana ce mafi kusa da za a iya yi?"

Daga ranar sai shawarwari suka fara shigowa gidan, kuma a nan gargaɗina ya fi zafi. Wannan ta ce jifa ne, waccan ta ce a bincika dangin miji. Aka ce akwai mai magani a wani ƙauye da yake zuƙe daji da ganye. Aka ce, kuma wannan ce ta fi yawo a bakin mutane, daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta kai mata da yawa kabari. Ga inda ta samo asali: mace ta zauna a gida shekara guda har ciwon ya riga ya bazu, sannan a kai ta asibiti, ta rasu bayan 'yan makonni, sai a ce tiyata ce ta kashe ta. Ba a ƙirga shekarar da aka ɓata. Sakiya da tsaga da ƙaho da shafe-shafen da suke ƙona fata, su ne suke mayar da ƙullutu gyambo. Mai cewa a rediyo ko a lasifikar kasuwa yana da maganin da yake narkar da sankara ba tare da aiki ba, kuɗinki zai ci, ya kuma cinye miki watannin da ba za su dawo ba. Addu'a kuwa, an yi mini ita dare da rana, ina kuma roƙon a ci gaba, amma ban ji malamin kirki ko ɗaya da ya ce in yi addu'a in bar asibiti ba.

Kafin tiyata asibiti ya ce a kawo masu ba da jini. Malaman makarantarmu maza ne suka je suka yi layi. Wannan ma gudummawa ce, kuma ba ta taɓa aljihun kowa ba. Na farka da bandeji a shafe a ƙirji, da wata siririyar roba da ta fito daga gefena tana zubar da ruwa cikin 'yar jaka. Ba zan ɓoye wa kowace mace ba: ranar da aka kwance bandejin na ga wurin, na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba. Akwai rashi a ciki, na gaske, kuma ba daidai ba ne a ce wa mace "ai ba komai." Amma ciwon ɗinkin bai kai yadda nake tsoro ba, kuma ya warke. Abin da ya fi ɗaukar lokaci hannu ne. Da yake an cire kaluluwar hammata, sai na kasa ɗaga hannun sama. Aka koya mini in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu kaɗan-kaɗan kullum. Ni bahaguwa ce, da hannun nake rubutu a allo, don haka ranar da alli ya sake kaiwa saman allo ta fi mini ranar sallama daga asibiti daɗi. Har yau ina kiyaye hannun, ba na bari a ɗebi jini ko a ɗaura abin awon hawan jini a kansa sai dole, saboda gudun kumburi.

Ba kowace mace ake cire wa mama duka ba. Idan ƙullutun ƙarami ne, ana iya cire shi kaɗai a bar maman, a bi da gashi. Wadda take tsoron rasa mama, zuwa da wuri shi ne hanyar da ta fi ba ta damar tsira da shi.

Sai kuskure na biyu da wuraren aiki suke yi. Mutane suna ɗauka tiyata ce ƙarshen magana. An yi aiki, an zo dubiya da lemo da madara, an ce Allah ya ƙara sauƙi, an rufe littafin gudummawa. Alhali a lokacin ne kashe kuɗi yake farawa. Kemo ana yin sa ne zagaye-zagaye, yawanci duk bayan mako 3, sau 6 zuwa 8, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. Idan jini ya yi ƙasa a ɗaga, a nemi abinci mai kyau ko ƙarin jini. Gashin kai yana zubewa, farce ya yi baƙi, baki ya daina jin ɗanɗano, amai ya zo. Duk wannan yana wucewa idan an gama. Bayansa mata da yawa suna buƙatar gashi da na'ura, kullum ban da Asabar da Lahadi, na tsawon makonni. Na'urorin kaɗan ne a Arewa, a manyan asibitocin koyarwa irin na Shika da ke Zariya da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta gwamnati a Yamai. Ke nan ga kuɗin mota, ga masauki, ga abincin mai jinya da mai kula da ita a garin da ba nasu ba. Sannan idan gwaji ya nuna sankarar mai cin sinadarin jikin mace ce, akwai ƙwaya irin tamoksifen da za a sha kullum shekara 5 zuwa 10. Idan kuma irin da ake kira HER2 ce, allurarta tana da tsadar da ko babban darakta sai ya girgiza.

Na zauna a ɗakin kemo da matan da suka zo zagaye na farko da na biyu, na uku ba a sake ganinsu ba. Ba warkewa suka yi ba, kuɗi ne ya ƙare. Kemo da aka yi rabi aka bari yana ba ciwon damar dawowa, kuma idan ya dawo ya fi wuyar sha'ani. Ni abin da ya rufa mini asiri shi ne abokan aikina ba su tara sau ɗaya suka watse ba. Alkawari suka yi na wata-wata, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ana cirewa ranar albashi, har likita ya ce an gama. Wanda zai ba da kaɗan duk wata har shekara ya fi amfani ga mai sankara a kan wanda zai ba da mai yawa rana ɗaya a tafa masa.

To yaya za a riƙe kuɗin? Kada ya shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa, domin zargi kaɗai ya isa ya kashe gudummawa. A sa mutum uku, a cikinsu har da wadda mai jinyar ta zaɓa da kanta. A riƙa biyan asibiti da kantin magani kai tsaye, a ajiye rasit, a karanta lissafi a taron wata. Wannan yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: idan aka danƙa wa iyali dunƙulen kuɗi, sau da yawa wani babba a dangi zai ce a fara gwada na gargajiya, ko wata larura ta gida ta taso ta cinye, kuma mace a kwance ba ta da bakin hanawa.

Sirrinta kuma nata ne. Kada a sanar da sunanta sai da izininta. Kada, don girman Allah, a ɗauki hoton ƙirjin mace a watsa a waya da sunan neman taimako. Wannan hoton zai kai wurin 'ya'yanta da ɗalibanta da surukanta, kuma tsoron irin wannan tonon silili yana cikin abin da yake sa wasu matan su gwammace su yi shiru har su mutu. Ga kuma 'yan damfara da suke kwashe irin hotunan nan su liƙa lambar asusunsu. Duk roƙon da ya zo muku daga waje, ku nemi sunan asibiti, mutum ɗaya ya je ya gani da idonsa kafin a tura ko sisi.

Kwamitin ya kuma yi wa mai jinya zirga-zirgar da ba za ta iya ba. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi, wanda ya fara aiki a 2021 a wasu manyan asibitoci, ciki har da Shika da Gombe da Abuja, kuma sankarar mama tana cikin waɗanda ya shafa. A je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin a tambayi yadda ake shiga, amma kada a dakatar da magani ana jiran amsa. Wadda ake cire wa kuɗin inshorar lafiya daga albashi, a je a tambaya dalla-dalla me inshorar take biya, me ba ta biya. Kuma a tuna da waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashi: mai shara, mai dafa abinci, malamar wucin gadi. Su ne ba su da inshora, su ne kuma suka fi jin nauyin buɗe baki.

Watan Oktoba ya zama watan wayar da kai a kan wannan ciwo, ana tattaki, ana sa riguna masu ruwan hoda. Yana da kyau, kuma ƙungiyoyi irin BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a 1997 bayan ita kanta ta yi fama da sankarar mama, da gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, sun yi aiki sosai wajen sa mutane su fara furta sunan ciwon a fili. Amma wurin aikin da zai iya ɗinka riguna da buga huluna, zai iya ɗauko ma'aikaciyar jinya mace ta zo ta duba duk matan wurin a ɗaki rufaffe, ta koya musu yadda za su riƙa duba kansu sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan wankan al'ada. Wadda ta kai shekara 40 ta tambayi likita batun hoton mamogiram. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi, ta faɗa wa likita tun kafin ta ga komai. Mu da muke fitar da anko ga kowane biki da suna, ba za mu ce ba mu da abin buɗe asusun gwaji ba.

Maza, ku ma akwai naku. Sankarar mama tana kama namiji, ko da yake kusan 1 ne cikin 100 na masu ita, don haka ƙullutu a ƙirjin namiji ma na asibiti ne. Amma babban naku shi ne bakinku. Mata nawa ne suka ƙi tiyata saboda miji ya ce bai yarda ba, ko saboda suna tsoron a yi musu kishiya ko a miƙa musu takarda? Wanda matarsa ta ce masa ta ji wani abu a mamanta, kada ya ce bari a ga yadda hali zai yi. Ya ɗauki makullin babur ko na mota.

Shugabannin wuraren aiki kuma, kuɗi ba shi kaɗai ne taimako ba. Mai kemo tana da kwanaki kaɗan bayan kowane zagaye da ba ta iya ko ɗaga kai, sannan ta farfaɗo ta iya aiki. A tsara mata jadawali a kan haka. Kada a tsayar mata da albashi, kada a aika mata takardar tuhuma, kada a sa ta bin ofis-ofis da takardar likita alhali jininta yana ƙasa kuma kowace mura tana iya kwantar da ita. A makarantarmu malamai biyu ne suka raba azuzuwana a tsakaninsu a makonnin da nake kwance, shugabar makaranta ta mayar da darussana zuwa safiya saboda da rana ƙarfina yake ƙarewa. A taron ma'aikata na gaba, kafin a tashi, wani ya miƙe ya kawo maganar asusun gwaji, a zaɓi mutum ukun, a yanka abin da kowa zai riƙa bayarwa, a kuma faɗa wa matan wurin sunan macen da za su iya zuwa wurinta a asirce.